Sifirin bindiga ya yi sanyi: a ja shi, a yanke shi, ko a saka sabo?

Wani ƙanenmu maharbi daga wajen Darazo ne ya turo tambaya, ya ce bindigar da ya gada wajen mahaifinsa, mai sakata ce mai cin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 kuma da lasisinta, ta fara yi masa gardama, sai ya ja kunama ya ji ƙas amma harsashi bai tashi ba, sai a karo na biyu ko na uku. Wani maƙeri ya ce masa sifirin allura ne ya yi sanyi, wato naɗaɗɗiyar wayar nan da ke tura allurar da ke dukan gindin harsashi, a ciro a ja shi ya ƙara tsawo shikenan. Abokin farautarsa kuma ya ce tunda za a buɗe ta, a rage zagaye biyu a sifirin kunama don ta yi laushi. Shi kuma yana tambaya wanne ya fi, gyaran na ciki ko sayen sabo, tunda sabon ba ya samuwa da sauƙi.

Toh ƙanena, amsar a taƙaice sabo za ka saka, kar a ja kuma kar a yanke. Amma bazan barka da haka ba, don na san in ban faɗa maka dalili ba gobe wani zai zo da bakinsa mai daɗi ya juya ka, kuma akwai yiwuwar ma sifirin naka lafiyarsa ƙalau, wani abu ne daban ke damun bindigar. Aikin gyaran makamai na yi har na ajiye, kuma irin wannan ƙorafin shi ne ya fi kowanne yawan zuwa gaban tebur.

Bari mu fara da abinda mutane ba su gane ba game da sifirin. Ƙarfinsa ba a tsawonsa yake ba kawai. Abu huɗu ne suka haɗu suka ba shi ƙarfi, irin ƙarfen da aka yi wayar da shi, kaurin wayar, faɗin zagayen, da yawan zagayen. Tun 1678 wani Bature ɗan Ingila Robert Hooke ya fitar da ƙa'idar cewa gwargwadon yadda ka danne sifirin gwargwadon yadda zai turo ka, in ka ninka dannawa ya ninka turowa, amma fa matuƙar baka wuce iyakarsa ba. Wannan iyakar ita ce duk maganar. A cikin iyaka ƙarfe yana lanƙwasa ya dawo inda yake. In ka wuce ta ya lanƙwasa ya zauna a haka, kuma cikinsa ya riga ya canza ko da ido bai gani ba.

Yanzu shi mai cewa a ja sifirin, me yake yi? Yana kama bakin nan da bakin can da filaya ya ja har sai ya wuce waccan iyakar, don in bai wuce ba ai komawa zai yi yadda yake. Ka ɗora a rula ka ga ya ƙaru da milimita biyar ko shida, rai ya yi fari, a mayar cikin bindiga ta tashi ranar da washegari, a ce maƙeri ya iya aiki. Matsalar ita ce sifirin allura aikinsa dannewa ne, ba jawowa ba. A masana'anta bayan an naɗe shi ana gasa shi a wani zafi da aka auna, da yawa kuma ana danne su har ƙarshe kafin su fito, don ƙarfen ya zauna ta ɓangaren da zai yi aiki. Kai kuma ka zo ka ja shi ta ɗaya ɓangaren, ka warware wancan zaman. Ƙarfen da aka tanƙwara ta gefe ɗaya har ya wuce iyaka, yana saurin sallamawa in aka dawo da shi ta ɗaya gefen, wannan sananne ne wajen injiniyoyi. Shi yasa sifirin da aka ja baya daɗewa, ɗana bindiga kaɗan zai koma gajeren da yake, sau da yawa ma ya fi da lalacewa. Kuma hannu baya ja daidai, zagaye uku na tsakiya su buɗe sosai sauran su zauna yadda suke, sai duk wahalar ta taru a wuri ɗaya. Ka ɗauki wayar ɗaure kaya ka lanƙwasa gaba ka dawo da ita baya, ka sake, ba za ka kai ko'ina ba za ka ji wurin ya yi ɗumi sannan ta karye. Abinda kake fara yi wa sifirin kenan.

Abin haushin shi ne ba a gida zai nuna maka ba. A daji zai nuna, ranar da ka kwana kana jiran dabba.

Sai yankewa, wadda ita ce ta fi rikita mutane don abinda take yi ya saɓa da abinda hankali ke ba mutum. In ka rage zagaye, sifirin tauri yake ƙarawa a kowane milimita, ba laushi ba, saboda zagayen da za su raba lanƙwasawar sun ragu. Amma kuma ya gajarce, don haka dannewar da yake da ita tun yana zaune a gidansa ta ragu. Bari in baka lissafi na misali don ka gani da idonka. A ce sifirin tsawonsa milimita 100 ne a sake, zagaye 30, in an saka shi a gidansa yana zama a 70, in an ɗana bindiga ya koma 55. Wato a zaune an danne shi da 30, a ɗane da 45. Ka yanke zagaye 3, ya koma 90. Taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100, amma yanzu a zaune dannewar 20 ce kawai, a ɗane 35. In ka buga lissafin, turawarsa a zaune ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin dukan da allura za ta kai gindin harsashi kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Zagaye uku kacal. Ga kuma bakin da aka yanke ya zama tsini. Ka duba sifirin masana'anta da kyau, yawanci zagayen ƙarshe a rufe yake an kuma goge shi ya kwanta, don ya zauna daram a mazauninsa ya tura a miƙe. Wanda aka datse da filaya a karkace yake zama, yana tura allura gefe, yana gogar bangon gidansa, wataran ka buɗe ka tarar ya yi wa ƙarfen zane.

Akwai masu gogawa a dutsen injin wasa wai su rage kaurin waya don ya yi laushi. Wannan ya fi duka muni. Ƙarfin sifirin yana bin kaurin waya ne in aka jera kaurin sau huɗu aka buga su da juna a lissafi, ma'ana in ka rage kauri da kashi 10 cikin 100 ƙarfi zai faɗi da kusan kashi 34. Babu hannun da zai iya auna wannan a kan dutse. Ga zafi, da zarar ka ga ƙarfen ya canza launi ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi to wutar ta taɓa shi, shuɗin nan wajen digiri 300 ne, alhali irin wayar da aka fi yin waɗannan sifirin da ita, wadda ake kira wayar fiyano, tun daga wajen digiri 120 take fara sakin jiki in ta daɗe a ciki. Masu saka shi a wutar gawayi ko wutar walda su tsoma a ruwa wai su dawo masa da ƙarfi, biyu ne, ko ya yi laushi kamar ba sifirin ba ko ya yi ƙarau ya tarwatse a dannawar farko. Masu cusa wasa a bayansa don a ƙara dannewa su ma ban goyi bayansu ba, don in tazarar ta ƙare zagayen suna haɗewa da juna kafin bindiga ta gama ɗanuwa, sai ka ji sakata ta yi tauri kana dukanta da tafin hannu.

Amma tsaya, kafin ka kashe ko sisi. Wa ya tabbatar maka sifirin ne? Maƙerin ya buɗe ya gani ko daga jin labari ya yanke hukunci? Don a ƙasar nan tamu abinda ya fi kashe dukan allura datti ne. Mutanenmu suna son mai, a zuba baƙin mai na mota, a shafa giris, wani har man gyaɗa, sai hunturu ya zo da ƙurarsa ta shiga ta haɗu da man, damina ta zo ta ƙara da tsatsa. An taɓa kawo mini wata mai sakata daga wajen Alkaleri da irin ƙorafinka sak, mai ita ya riga ya saka rai sai an nemo sifirin daga waje. Da aka zare allurar, abinda ya fito tare da ita baƙi ne kirin mai danƙo, ya cike tsakanin zagayen sifirin har baka ganin waya, a can ƙarshen ramin kuma ya daskare ya yi ƙarfi sai da aka saka tsinke ana ƙwaƙulowa yana fitowa gutsure gutsure da ɗan jan tsatsa a jiki. Allurar ba ta kaiwa ƙarshen tafiyarta, tana zuwa ta nutse a wannan dattin. Aka jiƙa a kananzir, aka wanke da burushi, aka busar, aka shafa mai ɗan kaɗan wanda in ka taɓa da yatsa sai dai ka ga ƙyalli, aka mayar da sifirin nata na asali. Lafiya lau ta tashi.

Don haka abin farko, ka tattara kwanson harsasan da suka tashi da waɗanda suka ƙi tashi ka jera su a hasken rana ka duba wurin da allura ta dasa. Taka .22 ce, a gefen gindi take duka ba a tsakiya ba. In wanda ya ƙi tashi yana da tabo mai zurfi, tsaf kamar na waɗanda suka tashi, to bindiga ta yi aikinta, harsashin ne. Irin waɗannan ƙananan harsasan maganin kunnawar a cikin gefen yake zagaye, wani lokaci baya kaiwa ko'ina, ko kuma harsashi ya tsufa ya sha danshi a ɗaki shekara da shekaru. In kuwa tabon sama sama ne kamar an ɗan taɓa da farce, to dukan ne ya yi rauni, sai a nemi dalili, datti ne, ko bakin allura ya cinye ko ya gutsure, ko sifirin. A .22 akwai wani abu kuma, yawan jan kunama babu harsashi a ciki, allurar tana dukan gefen ɗakin harsashi ta lotsa shi, daga baya gefen harsashi baya samun abin jingina sai duka ya tafi a banza. Wannan ko sifirin goma ka canza bazai warke ba. Masu bindigar karyawa, mai baki ɗaya ko baki biyu irin Baikal ɗin Rasha da ta cika hannun maharbanmu, su kuma nasu yawanci sakin gaɓa ne, in ka rufe ta ka girgiza ka ji tana ƙwas ƙwas to harsashi ya yi nisa da allura, shi ma ba laifin sifirin bane.

Af, kuma tunda kana fama da ƙin tashi, don Allah in ka ja ta yi shiru kar ka buɗe nan take, kar kuma ka juyo da baki kana leƙawa. Ka bar bakin yana kallon inda babu kowa ka ƙirga daƙiƙa 30 tukuna, don akwai harsashin da ke jinkiri sannan ya tashi. Masu bindigar ɗuri ta gargajiya su ƙara haƙuri fiye da haka, minti guda ko sama.

In an wanke an duba allura lafiya, sai a zo kan sifirin. Yadda ake gane ya gaji ba wuya. A ajiye shi kusa da sabo irinsa, in ya gajarce a fili to ya zauna. A ɗora shi kan gilashi ko wani abu mai santsi a gangara shi da yatsa, lafiyayye yana birgima sumul, wanda ya lalace yana tafiya yana ɗingishi don ya yi doro. A duba tazarar zagayen ko ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Sannan tsatsa, ba jan da ke gogewa da tsumma ba, irin wadda ta ci ta bar ƙananan ramuka. Kowane rami a jikin wayar sifirin wurin fara tsagewa ne, in na ga wannan ko tsawonsa bai ragu ba cire shi nake yi. Kuma ka sani abinda ke gajiyar da sifirin mai kyau yawan dannewa da sakewa ne, da tsatsa, da zafi, da wuce iyaka. Zama a danne cikin iyakarsa baya cinsa da sauri kamar yadda ake faɗa, duk da haka ni ban ga amfanin ajiye bindiga a ɗane ba, ko don tsaro.

Yanzu maganar abokinka ta rage sifirin kunama. Nan kam zan ɗaga murya. Na allura in ya lalace abinda zai faru bindiga ta ƙi tashi, ka rasa nama ka dawo gida da haushi. Na kunama in ya lalace bindiga tashi take yi lokacin da baka ce ta tashi ba. Abinda ke riƙe allura a ɗane wani ɗan haƙori ne da ya kama wani, kamun nasu a bindigogi da yawa bai kai milimita ɗaya ba, kuma wannan ɗan sifirin da ake raina shi ne ke tura haƙorin ya koma ya kama sosai duk lokacin da ka ɗana, shi ne kuma ke riƙe shi in bindiga ta bugu. Ka rage masa ƙarfi, ranar farko za ka ji daɗi, kunama kamar auduga. Sai ƙura ta ɗan shiga, haƙorin ya daina komawa har ƙarshe, ya kama rabi. Daga nan rufe sakata da ƙarfi ya isa, ko gindin bindiga ya daki ƙasa, ko ka cire sefti kawai, wato makullin da ke hana ta harbi, ta tashi. Ka tuna yadda muke tafiya farauta, mutum biyu ko uku a kan mashin, bindiga a rataye a baya, hanya duk gargada, bakinta yana kallon wanda ke bayanka ko ƙafar na gaba. Garin neman gira a rasa ido kenan, kuma idon ma sau da yawa ba naka ba, na ɗan'uwanka.

Kar ka ɗauka wasa ne wannan wurin. Kamfanin Remington na Amurka, da injiniyoyinsa da injinansa, a 2014 sai da ya yi kiran a dawo da bindigoginsa samfurin 700 da Seven masu wani nau'in kunama da aka ƙera tsakanin 2006 da 2014, saboda ɗan abin liƙi da ya yi yawa a cikin kunamar yana iya sa bindiga ta tashi ba a ja ba. Ɗan gam kenan fa. To ina ga filaya a gindin bishiya. Bindigar farauta da ake yawo da ita a daji, nauyin jan kunama wajen kilo ɗaya da rabi zuwa biyu daidai ne, masu kunama mai laushi sosai 'yan gasar harbi ne da ke zaune kan benci, basa saka harsashi sai sun saita. In taka tana da nauyi ko tana ƙarƙar kamar da yashi a ciki, mafi yawa wanki take so. In bayan wanki har yanzu ba daɗi, aikin mai gyara ne da ya san kusurwar haƙoran, yana da ma'aunin nauyin ja, ba aikin rage zagaye ba.

Kuma kar ka faɗa ɗaya ramin, wato saka wanda ya fi ƙarfi wai don ta riƙa tashi dole. Na ga an cusa sifirin kulocin mashin, na kafireto, na lema, a ƙananan wurare har na biro. Wanda ya fi ƙarfi yana sa ɗanawa ta yi nauyi, yana cin haƙoran da na faɗa maka, yana iya karya allura, a .22 kuma yana ƙara lotsa gefen ɗakin harsashi. Tsawo ɗaya da faɗi ɗaya ba shi ne iri ɗaya ba, tunda ka ga yadda ɗan bambancin kaurin waya ke juya lissafi gaba ɗaya. Sabon da nake nufi shi ne wanda aka yi don wannan samfurin bindigar. Ka duba jikinta wajen gindin bututu ko gefen gidan sakata, akwai sunan kamfani da samfuri, da su ake nema.

To babu inda ake taɓa sifirin kenan sam? Akwai, gaskiya. Tsofaffin bindigogi da kamfaninsu ya mutu tuntuni, ba inda za ka samu kayansu, mai gyara na gaske yana auna kaurin waya da faɗi da tsawon gidan, ya samo sabon sifirin dogo mai wannan awon ya yanka daidai ya gyara bakin ya kwanta, ya gwada. Kaga wannan sabon ƙarfe ne aka yanka zuwa awon da aka lissafa, ba gajiyayye aka ja ba. Haka tsofaffin masu baki biyu na Ingila da ke da sifirin mai kama da baka biyu a haɗe, wanda ba naɗaɗɗe ba, sabonsa yakan zo da ɗan girma sai an ci shi da magagari kafin ya zauna, kuma ko a nan akwai ƙa'ida, ana bin tsawonsa ne da goga, don zane ɗaya a gicciye nan zai karye. Maƙeranmu na gargajiya masu bindigar ɗuri suna da nasu ilimin na irin wannan sifirin, sun gada, kuma wanda ya iya ya iya, ban raina su ba ko kaɗan. Sai dai ilimin wancan daban, naɗaɗɗen sifirin masana'anta daban, wanda ya ƙware a ɗaya ba lallai ya san ɗayan ba, kuma na kirkinsu zai faɗa maka haka da bakinsa.

Masu bindigar iska ta harbin tsuntsu, ku ma abin ya shafe ku, don taku gaba ɗaya ƙarfinta sifirin ne babba. In ta fara rauni yara sukan ɗiga mai a ramin iska su ji ta yi ƙara da hayaƙi su ce ta dawo, alhali man ne ke kamawa da wuta saboda matsin iska, yana ƙona fatar fistin da ke tura iskar yana kuma karya sifirin. Harba ta babu ƙwaya a ciki shi ma haka. Kuma kar wanda ya kwance ta a gida ba da abin dannewa ba, sifirin a matse yake ko ba a ɗana ba, in ya kufce yana iya fasa fuska. Na allurar bindiga mai sakata ma haka yake a matse, ido ake kiyayewa.

Sai maganar samu, wadda na san ita ce ainihin abinda ya sa ake ja da yankewa, ba wai mutane basu da hankali ba. Nan dole mu bi doka. Dokar makamai ta 1959 ita ke aiki har yanzu, a ƙarƙashinta bindigar farauta da ta iska lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake, ta ɗuri kuma daga Kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma gyaran bindiga a matsayin sana'a shi ma sai da izini. Dokar tana ɗaukar sassan bindiga a matsayin bindiga, don haka kar wani yaro ya ce maka zai yi maka oda ta intanet a saka a ambulan, shigo da kayan makami yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, in kwastam suka kama ɗan sifirin da bai kai yatsa ba zai jawo maka abinda baka zata ba. Sannan ka ce gada ka yi, to ka tabbatar lasisin da sunanka yake yanzu ba sunan marigayi ba, don lasisi baya bin gado haka kawai. Hanya mafi sauƙi, ka ɗauki takardunka ka je hedikwatar 'yan sanda a nan Bauchi ɓangaren da ke kula da lasisin makamai ka tambayi wanda aka amince ya yi gyara ko dillali mai rajista, ko ka bi ta wajen Sarkin Bakanku da shugabannin ƙungiyar maharba, su sun saba da hanyar. In ka samu, ka sayi biyu, har da na maƙatar da ke zaro kwanso don shi ma ƙarami ne mai saurin gajiya, ka shafa wa na ajiya mai ka naɗe a takarda ka saka a kwalba mai murfi saboda damina. Kafin ya samu kuwa bindigar ta huta a ɗaki, ba harsashi a ciki. Bindigar da ba ka san ko za ta tashi ba bata da amfani a daji, balle in kana cikin masu sintiri da dare.

In an saka sabon, kar ka karɓa ka wuce. A gaban mai gyaran, a cire gidan harsashi, a buɗe sakata ku duba da ido ku saka yatsa ku tabbatar babu komai a ciki, baki na kallon inda ba mutum. A ɗana a saka sefti a ja kunama da ƙarfi, kada ta faɗi. A ɗauke yatsa a cire sefti, nan ma kada ta faɗi. A rufe sakata da ɗan ƙarfi sau da yawa, sannan a buga gindinta a kan tabarma ko buhu, in allura ta saki ko sau ɗaya ne to aikin bai yi ba, a sake buɗewa. Tunda .22 ce ka saka kwanson da aka riga aka harba a ciki lokacin wannan gwajin don allura ta samu abin duka. In ta wuce duk wannan sai a je inda ya halatta, a samu tudu ko gaɓar rafi a bayan abin saiti, a harba sabbin harsasai kamar goma, ka tsince kwanson ka duba tabon, ya kamata duk su zama zurfi ɗaya a wuri ɗaya. In ɗaya ya fito sama sama a cikinsu ka ajiye shi daban ka koma da shi wa mai gyaran ya gani.